Bushiya da naman ruɓaɓɓen itace: wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku daga Ingila, da fatan kowa yana lafiya.

Mutanen ƙasar nan suna ji da bushiya ƙwarai. Har huda shingen gidajensu suke yi, 'yar ƙofa mai faɗin santimita 13, don ta riƙa ratsawa da dare neman ƙwari. Suna da dalili kuwa: a 2024 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa bushiyar Turai cikin dabbobin da suka kusa shiga haɗari, saboda motoci da maganin feshi da rashin maɓoya. Tamu ta gida wata iri ce daban, ba ta kai nan ba tukuna. A lissafin masana ma, bushiya ba dangin beguwa ba ce duk da ƙayar. 'Yar uwar jaɓa ce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ba mai tausayinsa. Akwai wani naman itace, dangin laimar kwaɗi, da ake kira Buglossoporus quercinus. Yana fitowa da rani, rawaya-rawaya, a jikin tsofaffin itatuwan oak (wani babban itace na ƙasar nan) da suka yi ɗaruruwan shekaru, irin na dajin Windsor da ke kusa da Landan. Mataccen cikin itacen yake ci a hankali har ya zama kogo, ƙwari su samu gida, ruɓaɓɓen ya koma ƙasa. Dokar Birtaniya ta hana cire shi, amma da wuya ka ji wanda ya san sunansa. Ba tsiro ba ne, masana sun ware irinsa rukuni guda tun 1969, ya ma fi kusa da dabbobi. Cikin kusan iri 155,000 na wannan rukuni da aka sani, wajen 1,300 kawai IUCN ta duba halinsu zuwa 2025. Wannan sakaci ne babba.

Kuma abincin bushiyar nan, wani ɓangarensa daga ruɓaɓɓen itace yake fitowa. A kwashe kututture, a rage mata ƙwaro da wurin kwana.

Na san halin gida. Uwar da ke neman makamashi ba za a ce mata ta bar busasshen reshe ba, gas ya yi tsada. Roƙona ga masu gona ne da masu kula da gandun daji: tsohon kututturen gawo ko na ɗorawa da ke bakin iyaka, in bai tare garma ba, a bar shi. Ɗalibanmu na jami'a kuma su riƙa ɗaukar hoton abin da ke tsirowa a jikinsa da damina, su rubuta wuri da rana.

Wassalam, ɗan uwanku a Ingila.