Hoton Baba a tashar jirgin Kumasi

Hoto ɗaya tak muke da shi na Baba yana saurayi, kuma a tashar jirgin ƙasa ta nan Kumasi aka ɗauke shi. Baƙi da fari ne, girmansa bai wuce tafin hannu ba, gara ta ɗan ci gefe ɗaya. Baba na tsaye da riga 'yar shara, kusa da shi ƙanensa wato Baffanmu, gabansu kwandunan goro an ɗaure su tam da igiya, bayansu kuma kan jirgi ne baƙi ƙirin amma rabinsa kawai ya shigo cikin hoton. Can gefe akwai wani mutum na uku da hular ma'aikatan reluwe yana kallon wani waje daban, shi ba wanda ya san ko wane ne a gidanmu. Shekara da shekaru hoton nan na kwance ƙarƙashin zannuwan mahaifiyarmu Mma cikin akwatin ƙarfe, sai bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, ta ɗauko ta miƙa min ta ce kai ne mai son hoto, riƙe.

Ba a rubuta komai a bayansa ba, amma mun san dai kafin ƙarshen 1969 aka ɗauka, sabida a watan Nuwamba na shekarar ne gwamnatin Ghana ta Firaminista Busia ta fito da dokar nan da ta ba baƙi marasa takardar zama sati biyu su bar ƙasa. Baffa a nan Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, aka haife shi, yaren Twi a bakinsa kaman Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, amma tsoro ya sa ya bi mutane ya tafi Najeriya, bai sake dawowa ba har ya bar duniya. Toh kun ga wannan ɗan kwalin shi ne kaɗai wajen da su biyun ke tsaye tare.

Abun da ya sa na fara yawo da kyamara a kan layin dogo kenan. Da farko niyyata kawai in gano daidai inda suka tsaya in ɗauki wajen yadda yake yau. Na je wata Lahadi da sassafe kafin kasuwa ta cika, dan duk wanda ya san Kumasi ya san yanzu kasuwa ta haɗiye dogon, tebura ne da lema da tulin gwanjo da takalma, in ba ka sunkuya ka duba ƙasa ba ba za ka san a kan layin jirgi kake tafiya ba. Na daɗe ina zagaye da hoton a hannu ina gwada shi da ginin tasha, wata mai koko da ƙosai tana ta kallona har ta kasa haƙuri ta ce ɗan'uwa lafiya, me ka yar? Na nuna mata. Ta goge hannu ta karɓa ta ƙura masa ido, ta ce kai, ashe da gaske jirgi na shigowa har nan. A wajen take sana'a kullum, amma ba ta taɓa ganin jirgi ya tsaya a wajen ba. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Yaran yanzu ba su san yadda jirgin nan ya ɗauki Zango a bayansa ba. A 1898 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Sekondi, ba dan mu ba, dan zinariyar Tarkwa da Obuasi. Yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya kawo wa aikin cikas, duk da haka ya kai Tarkwa a 1901, ya shigo Kumasi a 1903, mil 168 daga bakin teku. Na ɓangaren Ankara, wato Accra, kuwa ya ja lokaci, a hankali ya bi ta Nsawam da Koforidua, sai 1923 zamanin Gwamna Guggisberg ya haɗe da Kumasi, wannan dan jigilar koko (cocoa) aka yi shi. Bayan nan aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Amma mu abun da ya shafe mu shi ne goro. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suke fatauci, daga Kano zuwa Gwanja, su yi lodi a Salaga su juya, watanni suna kan hanya ga 'yan fashi ga kuɗin fito a kowane kogi ga goron da kullum sai an kwance an yayyafa masa ruwa an tsince ruɓaɓɓe. Da dogo ya zo sai hanyar ta juya kudu gaba ɗaya, a loda goro a tarago nan Kumasi ya sauka bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, daga can wani jirgin ƙasan ya haura da shi Kano tunda dogo ya isa can tun 1911. Tafiyar da ake yi wa sallama kaman ba za a dawo ba ta koma ta 'yan makonni. Mutane da yawa da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892 ƙarshenta nan suka tare, Zango ya cika ya batse. Kakanmu na cikinsu.

Kuma abu ɗaya da har yau yake min ciwo, dogon nan a Kumasi ya tsaya cak, bai taɓa haurawa arewa ba, ba Tamale ba Bolga. Duk ɗan arewan da ya zo neman aikin koko ko na ma'adinai sai ya iso nan da ƙafa ko a bayan lori tukuna ya ga jirgi.

Ni na riski ƙarshen abun ne. Ina yaro Baba ya tafi da ni Takoradi a jirgin dare, kuma in na rufe ido yanzu warin nan nake fara ji, man dizal da bawon lemu da kifi busasshe da wani ya tura ƙarƙashin benci. Tonawa na ce masa keteke, kuma da gaske haka ƙafafunsa ke faɗa duk dare, keteke keteke, har barci ya sace ka. Akwai taragon masu gado amma mu na benci muka shiga, Baba ya shimfiɗa min rawaninsa na kwanta a cinyarsa. Duk tashar da aka tsaya sai in farka, Bekwai, Obuasi, Dunkwa, mata na bin tagogi da tire a ka da 'yar fitilar aci-bal-bal suna kiran abun sayarwa, ana miƙa kuɗi ta taga ana miƙo dafaffen ƙwai da doya, wani lokacin jirgi ya yi jiniya ya fara motsi canji bai dawo ba sai ka ga yarinya na gudu tana miƙo shi. A wata tasha cikin daji muka daɗe ƙwarai ana jiran wani jirgin kaya ya wuce, tunda layin ƙwaya ɗaya ne sai a tasha ake kauce wa juna, dattawa suka sauka da butocinsu suka yi alwala suka yi sallah a gefen dogo, ma'aikacin da ke riƙe da fitila bai ba da hannu ba sai da ya ga kowa ya hau. Gari na wayewa muka fara jin iskar teku. Ran nan na fara ganin ruwan da ba shi da ƙarshe.

Duk wannan ba mu da hotonsa ko ɗaya. Wa ke da kyamara a lokacin? Mai hoto sai da sallah ko suna ko in za ka yi fasfo. Kuma in ka duba tsofaffin hotunan reluwe na zamanin Gold Coast da ke yawo a intanet, kan jirgi za ka gani da gada da Bature da farar hula, in baƙin mutum ya fito to lebura ne a can baya ba suna ba asali. Masu goro da masu dakon da suka cika taragun nan, da matan da suka ciyar da fasinja shekara da shekaru, babu su. Shi ya sa ni yanzu in na fita ba ƙarfe kawai nake nema ba, duk da ina son ƙarfen.

Ina son shi sosai ma. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, shi ne lokacina, hazo na tausasa rana, jan ƙasa da tsatsar dogo su fito kala ɗaya mai kyau, da ƙarfe bakwai na safe ka durƙusa ka kawo kyamara dab da ƙasa sai ka ga layukan biyu sun miƙe sun shige cikin hazo. Da damina kuwa ciyawa ke rufe komai, sai ka sa ƙafa kana laluba. Na koyi duba gefen ƙarfen dogo, sabida masana'antar da ta ƙera shi kan buga sunanta da shekara a jiki, in ka goge da ɗan ruwa da tsumma rubutun zai fito. Na ɗauki allunan sunan tasha da fenti ya kusa gogewa, na ɗauki tagar sayar da tikiti da aka toshe da katako, da taragun da bishiya ta tsiro ta cikinsu, da gidajen ma'aikata masu dogon baranda. Na bi layin gabas a mota har Konongo da Nkawkaw inda duwatsun Kwahu ke tsaye a bayan tasha, na sauka Nsawam na sayi burodi dan Baba bai taɓa dawowa daga Ankara ba tare da shi ba. Kuma dan Allah duk mai son ya yi irin wannan yawon, ka yi sallama tukuna. Mutane na zaune a wuraren nan, wasu a ciki suke kwana, in suka ga kyamara gabansu faɗuwa yake su ɗauka an turo ka ne a zo a tashe su. Ka gaisa, ka faɗi abun da ya kawo ka, wanda ya ce a'a ka sauke kyamararka. Ni hoton Baba nake fara nunawa, shi ke buɗe min ƙofa.

Sauri nake yi kuma, dan abun na ƙarewa a kan idonmu. Wajen da na ɗauka bara da dogo a shimfiɗe, bana na koma na tarar an yanke an kwashe, ƙarfe ya tafi kondem. A layin yamma kuma masu galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, na haƙa har ƙarƙashin dogo. Na san an yi sabon layi daga Tema zuwa Mpakadan, kilomita 97, an ƙaddamar da shi a ƙarshen 2024, mai faɗi ne ba irin tsohon namu mai ƙafa 3 da inci 6 ba, kuma ina murna da shi har zuciyata, ina fatan in ga ranar da zai kai arewa. Amma sabon jirgi ba zai dawo min da allon tashar da aka cire ba.

Abun da ya fi min yawon ma yanzu shi ne shiga gidaje. Na fara da dangi, na koma abokan Baba a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ina roƙon tsofaffi su buɗe akwati. Kumasi gari ne mai danshi, hoto ba ya son haka, wasu na tarar sun manne da juna, masu kala na shekarun 1980 duk sun koma ja-ja, abun mamaki baƙi da farin da suka girme su sun fi su lafiya. Ba na karɓar hoton kowa in tafi da shi. A nan gabansu nake shimfiɗa shi kusa da taga inda haske yake, in kashe filashi in ɗauka da waya, in mayar musu. Wanda ya manne ba na ɓamɓara da ƙarfi, kuma ina hana su kai wa a yi masa laminetin dan zafin na lalata shi kuma ba ya ciruwa. Sannan in zauna in tambaya, Hajiya wane ne wannan, ina ne nan, kafin Busia ne ko bayansa, in rubuta da fensir a baya. Wannan tambayar ita ce aikin, sabida ranar da tsohuwar ta tafi hoton ya zama na baƙi.

Satin da ya wuce wani abokin Baba ya aiko a kira ni, dattijo ne da ya yi shekaru yana dillancin goro, yanzu ido ya yi rauni ba ya fita sai masallacin ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce ɗana an ce min kana yawo da hoton mahaifinka, kawo in gani. Na buɗe masa a waya na ƙara girmansa yadda zai iya gani. Ya gane Baba nan take, ya gane Baffa ya yi masa addu'a, sai ya sa yatsa a kan mutum na ukun nan mai hula ya yi shiru. Ya ce wannan ai mai awon kaya ne, mutumin Sekondi, Bafante, shi ke ɗora kwandunanmu a sikeli ya rubuta takarda, in goro ya iso a makare shi ke roƙon a ɗan jira mu. Ya ce Hausa yake ji sosai, kuma duk sallar layya sai mahaifinka ya aika masa da cinya. Na ce Baba ko kana tuna sunansa? Ya daɗe yana murza carbi, ya ce sunan ya ɓace masa, amma in dawo ran Juma'a bayan an sauko, akwai wani tsoho a Alabar da suka yi lodi tare, zai sa jikansa ya kai mu.

Na riga na wanke hoton babba guda biyu, ɗaya na dattijon, ɗaya na tsohon Alabar.