Hannun da ke rawa

Yau da yamma na kunna wani fim ɗin faɗa, irin wanda ko kuɗin motar da za a fasa ba su da shi, kusan komai a cikin wani tsohon sito aka ɗauka. Bayan jarumin ya kayar da abokin gabarsa, sai ya zube ƙasa yana son ɗaure igiyar takalminsa, hannu na rawa, abu ya gagara. Ba kiɗa, ba magana, kyamara ɗaya ce kawai a kansa, ga gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wallahi sai da na mayar da wurin baya har sau 3.

Ban taɓa tunanin abin da duka ke yi wa shi mai dukan ba. Har yanzu hannun nan nake gani.