Kunne da yatsa a wajen zaɓen fiyanon lantarki

Yawancin masu sayen fiyanon lantarki da kunne suke zuwa shago. Mutum ya danna maɓalli biyu, ya ji sauti ya cika ɗaki, sai ciniki. Aikin da nake yi a wani situdiyo a Jos, inda muke haɗa kiɗan biki da na fim, ya nuna mini cewa kunne yana da saurin ruɗuwa.

Sautin da ake ji galibi naɗaɗɗe ne. Kamfani kan samu babbar fiyanon katako, irin CFX ta Yamaha, ya naɗi muryarta da bugu mai taushi da mai ƙarfi, ya zuba cikin na'ura. Roland kuwa a 2009 ta fito da V-Piano, wadda lissafin kaɗawar tsirkiya take yi nan take maimakon kunna naɗi. Amma duk kyan sauti, in ya bi ta 'yar lasifikar jikin na'ura, rabinsa ya tafi. Shi ya sa in zan gwada guda biyu, ta lasifika ɗaya nake fitar da su, ƙarar kuma daidai wa daida, don wadda ta fi ƙara ita ake cewa ta fi daɗi.

Inda magana take shi ne yatsa. Yamaha PSR da muka saba da ita maɓallanta 61 ne, sifirin ke mayar da su, ba su da nauyi. Irin su Yamaha P-45 kuwa 88 ne kamar fiyanon asali, da 'yar guduma a ƙarƙashin kowanne, na hagu sun fi na dama nauyi. Yaron da ya taso a kan PSR, ka zaunar da shi gaban mai guduma, kafin a gama waƙa ɗaya zai fara yarfe hannu yana cewa, "Oga, wannan ai sai an ci tuwo." Wanda ya koya a kan mai nauyi kuma, in ya dawo mai sifirin, komai da ƙarfi yake fita masa.

Ni dai ban yarda da masu raina mai sifirin ba. Sarewa da algaita da amon kalangu da muke fitarwa, masu son gudun yatsa da lanƙwasa murya, sun fi zama a kanta. Mai guduma ta wanda zai buga fiyano zalla ce, inda ake so sauti ya yi ƙasa ƙasa sannan ya tashi. Ga kuma ɗauka: P-45 ta haura kilo 11, wanda ke yawon biki ya san abin da nake nufi.

Sai ƙurar hunturu. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai wurin taɓawa biyu, kuma tazarar lokaci tsakaninsu ce ke gaya wa na'ura ƙarfin bugu, a ma'aunin MIDI, tsarin da na'urorin kiɗa ke aika saƙon bugu da shi, wanda ke tsayawa a 127. Ƙura ta shiga, sai maɓalli ɗaya ya riƙa tsawa ko da shafa shi ka yi. Don haka in aka kawo mini ta hannu in duba, ba na fara kiɗa. Daga hagu nake bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ƙarshe, kafin a yi maganar kuɗi.