Na mayar da Fijo 504 ɗin Baffa garin da aka haɗa ta

Fitilar baya ce ta jawo wannan tafiyar, ba wani abu ba. Wani mai adaidaita sahu ne ya goge ni a cikin go-silo, gilashin fitilar hagu ya tarwatse, ya sauko yana ta rantse-rantse yana ba da haƙuri, nace masa jeka kawai Allah ya kiyaye gaba, don na san ko kuɗin na karɓa a hannunsa ba su ne matsalar ba, inda za a samo abin shi ne aikin. Sati biyu ina zaryar kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, duk shagon da na shiga sai a ɗauko min sabuwa ta roba a kwali, ja wur kamar alawar yara, wadda in rana ta dake ta wata uku zata koma kalar shayi. Ni kuma ta asali nake so. Ƙarshe wani dattijo mai sai da kayan Fijo yace min Alhaji kar ka wahalar da kanka, in kana son ta gangan ka tafi Panteka a Kaduna, can ne makabartar 504.

Motar dai ta Baffana ce, ƙanin mahaifina, 504 SR ce mai ruwan madara, ya saye ta sabuwa dal a 1984 lokacin yana aiki a masaƙa a Kaduna. Ta yi shekara wajen tara a ajiye ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidansa, kaji na ƙwai a kujerar baya, kafin na lallaɓa na roƙe shi ya bar min. Abin da na kashe wajen tayar da ita ba zan faɗa ba saboda uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. An sauke inji an sa ring da silif, an wanke tanki da lagireto, an sake kafireto, fanel bita ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ƙofofi ya yi walda. Da Baffa ya ji zancen Kaduna sai yace ai ƙafarsa ƙafata. Nace Baffa hanya fa da nisa ga ciwon bayanka, yace ɗana motar nan ta san hanyar Kaduna tun kana tsumman goyo, kai ne baƙo a cikinmu.

Mun tashi bayan sallar asuba, ana tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari. Duk mai tsohuwar mota ya san ba a tayar da ita a fisge ta, sai ka ja cok, ka ɗan taka totur sau biyu, ta tashi, ka bar ta tana ɗumi kana sauraron ta. Kafin nan na duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, na leƙa ƙarƙashin but na tabbatar safaya taya na nan a maƙale, don ita 504 a ƙasa take ɗauke da safayarta ba a cikin but ba. Na sa jarkar ruwa, fanbel guda, fulogi huɗu, da igiyar ja ko da tsautsayi. Baffa kuwa ya fito da wani tsohon gwangwanin madara duk tsatsa yana ƙara kacau-kacau, ya tura shi ƙarƙashin kujera. Na tambaye shi mene ne, yace ba ruwanka.

Daga Na'ibawa muka ɗau hanyar Zariya, muka wuce Kura da Kadawa, gonakin rani kore shar a gefen hanya ana ta loda kwandunan tumatir. A nan ne mutum yake gane dalilin da ya sa iyayenmu suka mace a kan motar nan. Ba gudu ba ne, injin lita biyu ne kawai da giya huɗu, kowace ƙaramar Corolla zata wuce ka tana maka fito. Laushin ne. Ka faɗa rami ka ji kamar ka taka katifa, kujerun kuma kamar na falon mai kuɗi. Tayoyin baya ne suke ja, ƙasanta a sama yake, shi ya sa direbobin tasha suke labta wa wagon ɗinta fasinja da buhuna su shiga da ita ƙauyukan da babu kwalta su fito lafiya. Turawan ma sun yaba, a 1968 aka fito da ita a Faransa, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai, kuma a 1975 ita ta ci tseren Safari na gabashin Afirka, wanda ake yi a cikin taɓo da ƙura. Ni dai na tsayar da allura a 90, tagogi a rufe saboda sanyi, Baffa na ta ba ni labarin yadda a zamaninsu daga kwamishina har babban sakatare 504 ce motar ofis, sai dai a bambanta su da lamba da tuta.

Mun wuce Kwanar Dangora lafiya lau. Muna dosar Tashar Yari sai naji ta ɗan yi fisga, kamar mai shaƙuwa. Na yi shiru ban ce komai ba ina fatan ko datti ne a mai zai wuce. Ta sake yi, sannan ta fara harbi ta salansa tau! tau! ƙarfi ya tafi, na samu na gangara gefen titi ta mutu murus. Ki yi, taƙi. Sitata na juyawa garau amma ba ta kamawa.

Kafin na buɗe bonet yara sun kewaye mu, wani ya ruga ya kira bakanike. Yaro ne matashi da ƙyar in ya kai ashirin da biyar, ya zo da wata 'yar na'ura a hannu, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana lalube, can ya ɗago yace Alhaji wai ina ake jona kwamfutar motar nan? Wallahi dariyar da Baffa ya yi har sai da tari ya sarƙe shi. Yace yaro wannan kwamfutarta kunnenka ne. Ban ga laifin yaron ba fa, abin da ya taso ya tarar kenan, motocin yanzu in ba ka jona na'ura ba ba za su gaya maka ciwonsu ba. Amma yana da ladabi, kuma ya tsaya ya koya.

Baffa ya naɗe hannun riga. Ya sa na cire tiyon mai daga kafireto na yi ki, fetur ya yi tsartuwa, yace to ba yunwa take ji ba. Ya zare babbar wayar kwayil ya kusantar da ita jikin inji yace sake yi, wutar da ta fito 'yar mitsitsiya ce ja-ja, maimakon shuɗiya mai ƙara. Ya buɗe hular distirbuta, sai ga bakin kontak ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Ya kalle ni yace yaushe ka canza kondensa? Nace ai sabuwa ce fil, wata ɗaya kenan. Yace sabuntar ce ta kashe mu. Ga waɗanda ba su taɓa riƙe irin motar nan ba, kontak wasu 'yan ƙarafa ne biyu da suke buɗewa suna rufewa suna yanke wuta don kwayil ya harba wa fulogi, ita kuma kondensa aikinta ta shanye tartsatsin da zai ƙona bakinsu, in ta zama jabu sai kontak ya cinye kansa cikin 'yan kwanaki.

Sai a lokacin aka jawo gwangwanin madara. Ashe tsofaffin kayan motar ne da ya ƙi zubarwa tun shekarun 1990, kondensa uku, kontak biyu, rota, jet na kafireto, fis-fis, har da wasu notuna da shi kaɗai ya san inda suke shiga. Ya zaɓi kondensa ɗaya ya hure ta ya goge a jikin rigarsa, ya sa yaron ya kankare bakin kontak da 'yar takardar yashi, da aka zo saita tazara kuma babu ma'auni sai ya yagi kwalin ashana ya zura a tsakani yace in ya shiga da ɗan ƙyar to daidai ne. A littafi dai kusan milimita 0.4 ake so. Ki ɗaya ta tashi. Yaran nan suka sa ihu kamar an ci ƙwallo. Na ba bakaniken ɗan abin da ya sawwaƙa yaƙi karɓa, yace Baba ai ni ya kamata in biya kuɗin makaranta, sai da Baffa ya tura masa a aljihu.

A Zariya mun tsaya wajen Kwangila muka sha shayi da ƙosai. Abin da na lura da shi tun da na fara hawa motar nan shi ne ba ka taɓa zama kai kaɗai, duk inda ka faka sai wani ya zo. Wani mai furfura ya zagaya ta sau biyu ya shafa bonet yace irin ta ce ta kai amaryarsa, wani tsohon direban tasha yace shekara goma sha ɗaya yana Zariya zuwa Sakkwato da wagon, wani saurayi kuma ya tambaye ni wai na siyarwa ce yana so ya yanke bayanta ya mayar da ita a-kori-kura ta ɗaukar itace. Na ce masa Allah ya shirye ka. A shingen jami'an tsaro na wajen Jaji ma ko takarda ba su tambaya ba, ogansu ya leƙo yace Baba wannan ai ta girme ni, Allah ya tsare hanya.

Mun shiga Kaduna ta Kawo wajen azahar, tafiyar da ba ta fi kilomita 230 ba ta cinye mana kusan awa bakwai. Kai tsaye muka nufi tsohuwar Panteka. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane ba, wuri ne da ƙarar guduma ba ta tsayawa, nan ana ƙera tukunya da murhu da injin niƙa, can ana yanka mota kamar an kayar da sa, komai a ware, ƙofofi a jingine, giyabos a jere a ƙasa, baƙin mai ya rine ƙasar wurin. Wani yaro ɗan kamasho ya ja mu lungu-lungu har shagon wani mutum da ya tara kayan Fijo tun daga 404 har 505. Ya shiga can ciki ya daɗe, ya fito da fitilu biyu a cikin buhu duk ƙura, na wanke ɗaya da ruwan jarka na ɗaga ta a rana, ga tambarin kamfanin da ya yi ta a jiki, ba tsaga ko ɗaya. Kuskurena na bari murna ta fito a fuskata. Yace dubu 45. Baffa ya karɓe zancen, yace haba ɗan'uwa, wa zai zo neman wannan in ba mahaukata irinmu ba, shekara nawa tana kwance a buhu? Aka yi ta ja har aka tsaya a dubu 28 duka biyun, ya ƙara mana da ɗan zakin da ake maƙalawa a gaba kyauta, don nawa an sace shi tun motar na ƙarƙashin darbejiya.

Da la'asar Baffa yace mu tsallaka gada mu je Kakuri. Nan ne kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daina yin salun ɗinta tun 1983. Lokacin ƙasar nan tana haɗa abin hawanta, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Ba mu shiga ba, daga bakin titi muka faka. Baffa ya fito ya jingina da mota yana nuna min da sanda, nan layin masu abinci yake, nan ma'aikatan masaƙa suke fitowa dubbai in an tashi aiki har keke ba ya samun wurin wucewa, can masaƙar KTL, can ta Arewa Textiles, yanzu duk shiru sai ciyawa. Ya daɗe bai ce komai ba. Ni kuma na rasa abin faɗa sai na ɗauko sukundireba na hau ɗaura fitilar a wurin, na sa shi ya taka birki, ta kawo ja mai duhu irin na da.

Mun kwana gidan wani abokinsa a Tudun Wada, suka raba dare suna lissafin waɗanda suka rasu. Da safe muka kamo hanyar gida, ba ta ƙara ko tari ba. Muna wuce Zariya yace in tsaya, ya zagayo ya karɓi ki, rabonsa da tuƙi ya fi shekara goma, na ɗan ji tsoro amma na yi shiru. Ya gyara madubi, ya sa giya ba tare da ko ƙara ba, abin da ni har yau in zan sa ta biyu sai ta ɗan yi gurnani. Har Kwanar Dangora shi ya ja mu, yana tafe a 70 tireloli na ta danna masa hon ko a jikinsa.

Da muka iso ƙofar gidansa zai sauka, na ga ya ɗauki jabun kondensar nan da ta kashe mu a hanya ya jefa cikin gwangwanin madara. Nace Baffa wannan ai ta mutu, me za ka yi da ita? Yace a bar ta dai, notin jikinta mai kyau ne.