Hoton da Inna ba ta gane ba

Bayan autan gidanmu ya kammala hidimar ƙasa ya dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, sai ya duƙufa neman aiki ta wayarsa. Wurare da dama da ya tura takardunsa sun nemi ya haɗa da hoton fuska mai kyau, irin wanda ake ɗauka daga kafaɗa zuwa sama, kuma shafin da ya buɗe a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, shi ma yana buƙatar irinsa. A ƙauyenmu ba a ganin mai hoto sai ranar biki ko lokacin sallah, kuma ko an hau babur an shiga gari, abin da ake samu shi ne hoton fasfo a gaban farin labule. Shi ya sa da wani abokinsa ya nuna masa manhajar da ke haɗa irin wannan hoto da ƙirƙirarriyar basira, bai tsaya wata-wata ba.

Manhajar ta nemi ya tura hotunansa goma sha biyu da ya ɗauka da hannunsa, wasu a inuwa wasu a rana. Ya kai wayar wurin mai caji, ya sayi data, ya zauna a bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi har suka tafi. Kafin la'asar an dawo masa da hotuna masu yawa, ga shi cikin kwat da lakataye a wani ofis mai gilasai. Ya shigo gida da murna yana cewa, "Yaya, duba ka gani, ko a Abuja aka ɗauke ni sai haka." Ni ma na yaba a kallon farko, domin hasken ya zauna daram, kuma babu wanda zai ce daga zaurenmu aka faro aikin.

Inna ce ta karɓi wayar, ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya, "Wannan kuma ɗan wane gida ne?" Da muka ce mata Auta ne, sai ta girgiza kai ta ce, "To ina billensa? Kuma yaushe ya yi fari haka?" Sai a lokacin na sake kallon hoton da kyau. Tsagar da ke kumatunsa, wadda wanzamin gidanmu ya yi masa yana jariri, ta ɓace gaba ɗaya, fatarsa ta yi haske, hancin ya ƙara tsini, 'yar wushiryarsa kuma ta toshe. A hoto guda da manhajar ta yi ƙoƙarin bar masa hularsa, zanen hular ya koma wani kwaɓaɓɓen ado da babu maɗinkin da ya taɓa yin irinsa.

Dalilin haka yana cikin yadda waɗannan manhajoji ke aiki. Yawancinsu ba gyara hoton da ka tura suke yi ba. Suna nazarin kamanninka ne, sannan su zana sabon hoto bisa abin da suka koya daga miliyoyin hotunan da aka tattaro a intanet. Mutanenmu ba su da yawa a cikin waɗannan hotuna, balle masu tsaga da hula da babbar riga, saboda haka na'urar tana ɗaukar bille a matsayin tabon da ya kamata a goge, kamar yadda take goge ƙuraje. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2023 wata ɗaliba 'yar asalin Asiya da ke jami'ar MIT a Amurka ta nemi wata manhaja ta mayar da hotonta irin na ƙwararrun ma'aikata, sai aka dawo mata da shi da fata mai haske da shuɗayen idanu kamar Baturiya. Abin ya tsaya mini a rai, domin yana nuna irin fuskar da na'urar ta koya cewa ita ce ta dace da ofis.

Ban hana Auta amfani da fasahar ba, kuma ba na cikin masu ganin sharri ce zalla. Matashin da ba shi da kuɗin kwat ko kuɗin motar zuwa Kano ya samu hanyar da zai fito fes a gaban masu ɗaukar aiki, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini suka fara gyaran hoto, abin ya ƙara sauƙi. Abin da na ce masa shi ne, amfanin hoton neman aiki shi ne a gane mutum ranar da ya shiga ɗakin ganawa. Idan mai tantancewa ya ɗaga kai ya ga baƙin saurayi mai bille alhali takarda ta nuna wani daban, da shakka za a fara maganar. Hukumar NIMC mai yin katin ɗan ƙasa da hukumar shige da fice kuwa da kansu suke ɗaukar hoton mutum tare da zanen yatsunsa, don haka wannan hoto ba shi da wani amfani a can.

Akwai kuma batun hotuna goma sha biyun nan da suka tafi ma'ajiyar wani kamfani. Najeriya ta kafa Dokar Kare Bayanai a 2023, amma yaron ƙauye ba shi da ƙarfin bin kamfanin da ke wata ƙasa, shi ya sa na sa ya nemi wurin goge bayanansa a manhajar ya goge.

Washegari da hantsi ya saka farar shaddarsa da hula, na tsayar da shi a inuwar zaure yana fuskantar ƙofa domin haske ya sauka a fuskarsa a hankali, na ɗauke shi kusan sau ashirin. Muka zaɓi guda, muka umarci manhajar ta sauya bangon ƙasar da ke bayansa zuwa launin toka kawai, kada ta taɓa fuska, kuma sai da muka sake sau uku muna kwatantawa da na asali kafin muka samu wanda billen ya tsaya a inda wanzami ya sa shi. Da aka miƙa wa Inna wayar, kallo ɗaya ta yi ta ce, "Yauwa, wannan Auta ne, amma ka gyara zaman hular nan." Shi ne hoton da ke shafinsa yanzu, da hular a ɗan karkace.