Ka zana aiki, kwamfuta ta haifo fom

Akwai wani buri da masu harkar manhaja suka daɗe suna bi, wai kai dai ka zana yadda aiki ke tafiya a ofis, kwamfuta ta fitar da shafukan da ma'aikata za su riƙa cikewa, ba sai wani ya kwana yana rubuta kod ɗin kowane fom ba. Zanen da aka fi amfani da shi sunansa BPMN, ya fito tun 2004, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ke kula da shi, amma sai da sigar 2.0 ta zo a 2011 abin ya kankama, don lokacin ne zanen ya samu tsarin XML, wato salon rubuta bayanai da inji zai karanta ya aiwatar.

Ɗauki neman hutu. Ƴar da'ira ce farkon aiki, sai akwati "ma'aikaci ya nemi hutu", kibiya ta wuce layin oga (kowa da layinsa a zanen), can akwai dayamon inda hanya ke rabuwa, ya amince ko bai amince ba. Duk akwatin da mutum ne zai yi aikin, shi ke zama shafi. A manhajar Camunda 7, ta wani kamfanin Jamus, cikin akwatin kake rubuta cewa ina son kwanan wata nan, lamba nan, e ko a'a nan, shikenan fom ya bayyana a jerin ayyukan wanda abin ya shafa. Bonita ta Faransa ma haka, ka faɗi bayanan da matakin ke buƙata ta haɗa maka fom. Duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai da KoboToolbox ya san daɗin nan, ka cika Excel tambayoyi su fito a waya.

To a shafin oga ne nake da ja. Zanen ya san waye zai yi me kuma bayan wa, amma bai san me oga ke son gani kafin ya danna ba, kwana nawa suka rage wa mutumin a shekarar, su wa da wa ne a sashen suka riga suka tafi hutu, gashi a waya yake dubawa yana cikin mota netwok na ɗaukewa, fom ɗin inji kuwa sai ya jero masa komai daga sama har ƙasa da maɓalli ɗaya a can ƙarshe. Aiki kam yana yi, amma wallahi ba daɗin amfani.

Masana sun ga wannan giɓin, shi ya sa OMG ta karɓi IFML a 2013, wanda asalinsa WebML ne na jami'ar Politecnico da ke Milan a Italiya, zane ne na shafuka da yadda ake fita daga wannan a shiga wancan. Sai dai fa yanzu zane biyu gareka, kowanne sai ka kula da shi.

Ga kuma ciwon kan da ba a cika faɗa ba wajen talla. Ka gyara fom ɗin da hannu yayi kyau, wata mai zuwa a ce an ƙara matakin akanta mai duba kuɗi, in ka sake fitar da fom gyaranka ya bi ruwa, in ka ƙi kuma zane da shafi sun raba gari. Ni dai in aikin cikin gida ne mai matakai da yawa, irin siyan kayan ofis ko biyan alawus, na yarda inji ya yi. Shafin da kwastoma zai gani kuwa, a zaunar da mutum ya tsara shi.