Wasiƙa daga Ingila: kalmar "leave" da ta hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan uwa na Argungu, Birnin Kebbi da Jega. Ina gaisuwa, da fatan shinkafar fadama ta yi albarka bana.

A sakandare malaminmu ya ce "leave" na nufin tafi, muka haddace muka wuce. Da wannan guzurin na zo Ingila. Ranar da takardar zamana ta fito, idona ya faɗa kan "leave to remain". Gabana ya faɗi. Tafi don ka zauna? Kora ce cikin ladabi ko me? Daren nan ko shayi ban iya sha ba. Da safe wani Bazamfare da ya daɗe a nan ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, izinin zama fa aka ba ka."

Ashe kalmomi biyu ne suka yi kama, kamar garin tuwo da garin Argungu a rubuce. A nahawu ɗaya suna ce, ma'anarta izini, kuma mun daɗe da saninta: ita ce lif ɗin da ma'aikatan sakatariya ke ɗauka. Ɗayar aikatau ce, a tsohon Turanci ma'anarta barin abu a inda yake, har da barin gado.

A ganina da malam ya ce mana "bari", da ya hutar da mu. Ya bar gari, ya bar mini dubu biyar wurin mai shago, ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, bar ni in huta, na bar wayata a gida: duk waɗannan Bature "leave" zai ce. Hankalinsa na kan abin da ya rage a baya, kamar dai namu. Sai dai a kula da 'yar kalmar nan "for". Wanda ya ce "I left Jega" ya baro Jega, wanda ya ce "I left for Jega" kuwa can ya nufa. Haruffa uku sun juya akalar tafiya. Ita "left" ɗin kuma tana nufin hagu, wannan wani ciwon kan ne daban.

Ko mota za ta tashi, "leave" ce. Idan aka ce bas za ta bar tasha ƙarfe bakwai, ba a jiran ta cika, ba ɗan kamasho mai rantsuwar saura mutum ɗaya. Sau biyu ina hango bayanta tana shan kwana. A allon filin jirgi kuma "departures" za ka gani, daga "depart", wadda ta fi zama ta hukuma.

A ranar 23 ga Yuni, 2016, kalmomin nan biyu da suka firgita ni, "leave" da "remain", aka ɗora wa 'yan Birtaniya a takardar ƙuri'a: a bar Tarayyar Turai, ko a zauna. Masu "leave" suka yi rinjaye da kusan kashi 52 cikin 100.

Ni dai na nemi nawa lif ɗin, in Allah ya yarda da ni za a yi Babbar Sallah. A ajiye mini busasshen kifin Yauri.